A Tsira da Rai Kafin Sulhu: Darasi kan Neman Mafaka ga Wanda Ake Cutarwa a Gida

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya bambance saɓanin zaman aure da cin zarafi, ya san ƙofofin neman taimako da ke kusa da mutanen Kwandere da yadda ake bin su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma iya ba da amsa mai gamsarwa ga masu ganin cewa neman mafaka kashe aure ne ko tonon asirin gida.

Gabatarwa

Zaman tare ba ya rasa saɓani, shi ya sa Hausawa ke cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma akwai iyakar da idan aka ƙetare ta, magana ta tashi daga saɓani ta koma cutarwa. Duka, shaƙe wuya, barazanar kisa, tilasta kwanciya, kulle mutum a ɗaki, hana shi abinci ko zuwa asibiti, ƙwace masa kuɗin sana'arsa, korar sa daga gida cikin dare, da zagi da wulaƙancin da ba ya yankewa, duk cin zarafi ne. Mata ne suka fi faɗawa cikinsa, sai dai yara, 'yan aikin gida, tsofaffi, har da wasu mazan, ba su tsira ba. Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa abu ɗaya ne: idan cutarwa ta kai ga barazana ga rai ko lafiya, tsirar da mutum ake fara yi, sulhu ya biyo baya. Al'adarmu da addinanmu da dokar ƙasa duk sun yarda da haka. Abin da ke kawo cikas shi ne yawancin mutane ba su san inda za su dosa ba sai ranar da masifa ta auku, alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Girman matsalar

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wata cutarwa ta jiki tun daga shekara 15 da haihuwa. A cikin matan da suka taɓa aure, kashi 36 cikin 100 sun fuskanci cutarwar jiki, ko ta kwanciya, ko ta zuciya daga hannun miji. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne shirun da ke biyo baya: kashi 55 cikin 100 na waɗanda aka cutar ba su nemi taimako ba, ba su kuma faɗa wa kowa ba. Kashi 32 ne kawai suka nemi taimako, kuma mafi yawansu wurin danginsu suka je. Wannan ya koya mana abu biyu. Na farko, matsalar ta fi abin da ake gani a fili yawa, don haka rashin jin ihu a unguwa ba shaidar zaman lafiya ba ce. Na biyu, ƙofar farko da mace ke ƙwanƙwasawa ita ce ta iyaye da 'yan uwa, saboda haka amsar da ta samu a bakin wannan ƙofa ita ke yanke hukuncin ko za ta tsira ko za ta koma cikin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin kowace 3 a duniya ta taɓa fuskantar irin wannan cutarwa, kuma har kashi 38 cikin 100 na matan da ake kashewa, mazajensu ko abokan zamansu ne ke kashe su.

Mafakar da muka gada

Barin gida don guje wa cuta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni, matar da aka zalunta takan yi yaji ta tafi gidan iyayenta ko na waliyyinta, miji kuma ya je biko da manyansa, a zauna, a ji ta bakin kowa, a gindaya sharaɗi kafin ta koma. Idan iyaye na nesa, gidan mai unguwa ko na liman ko na wata dattijuwa mai mutunci yakan zama masauki. Hikimar wannan tsari ita ce yana raba mutum biyu a lokacin da zuciya ta hau, yana kuma fito da maganar gaban shaidu. A Kwandere, hanyar sarauta tana nan daga mai unguwa zuwa dagaci har fadar Sangarin Kwandere, kuma akwai limamai, da fastoci, da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN da Zumuntar Mata a majami'u. Sai dai wannan mafaka tana da wuraren da take gazawa, kuma dole a faɗe su. Wasu iyayen kan juya 'yarsu tun daga zaure da kalmar "koma ɗakinki, aure ɗan haƙuri ne", ba tare da sun dubi raunin da ke jikinta ba. Wasu talauci ne ke hana su ɗaukar ƙarin baki. Wata kuma an auro ta ne daga nesa, ba ta da kowa a gari. Sannan mai cutarwar ya san hanyar gidan surukansa, don haka idan ya ƙudurta mugun nufi, can zai fara zuwa. A irin waɗannan wurare ne ake buƙatar ƙofofin hukuma, domin su ƙarasa abin da dangi suka kasa.

Abin da doka ta tanada

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar haramta cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Da yake ikonta ya tsaya a Abuja, ya rage wa kowace jiha ta yi tata, kuma Jihar Nasarawa ta yi hakan a 2021, lokacin da Gwamna Abdullahi Sule ya sa hannu a kan dokar jihar. A dokar tarayya, wanda ya doki abokin aurensa na iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai Naira 200,000, ko duka biyun. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi laifi ne, haka ma yin watsi da iyali ba ci ba sha, da hana mutum neman na kansa don ya zauna a ƙarƙashin ikon wani. Dokar ta kuma kawo abin da ake kira umarnin kariya, wato takardar kotu da ke hana mai cutarwa ci gaba da cutarwa, ko kusantar inda wanda ya cutar yake zaune ko yake aiki. Ba lallai ne wanda aka cutar ya nema da kansa ba: ɗan sanda, ma'aikacin lafiya, jami'in jin daɗin jama'a ko malamin makaranta na iya nema a madadinsa da yardarsa. Neman wannan umarni ba ya kashe aure, kuma ba sai an ɗaure kowa ba kafin a bayar da shi. Wannan yana da muhimmanci, domin mata da yawa ba saki suke nema ba, ba kuma ɗaurin uban 'ya'yansu ba, so suke a daina dukansu.

Ƙofofin da ake bi

Ƙofar farko ga mai rauni ita ce asibiti, ko ƙaramin asibitin da ke kusa ko babban asibiti a Lafia, irin wanda jama'a suka sani da sunan Ɗalhatu Araf. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin duba mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, don haka ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, kada a ce faɗuwa aka yi a bakin rijiya, domin abin da ya rubuta a kati shi ne shaidar da za ta tsaya a kotu bayan tabo ya baje. Idan akwai tilasta kwanciya ko fyaɗe, lokaci na da tsada: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Mai juna biyun da aka doka, da duk wanda aka shaƙe wa wuya, su je asibiti ko da ba su ga jini ba, domin lahanin na iya kasancewa a ciki.

Ƙofa ta biyu ita ce ofishin 'yan sanda, kuma lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Dokar tarayya ta ɗora wa ɗan sanda nauyin taimaka wa wanda aka cutar ya shigar da ƙara, ya samar masa hanyar zuwa asibiti ko wurin da zai fake, ya kuma raka shi gida ya kwashe kayansa. A nemi ganin jami'in da ke kula da harkokin mata da yara, a tafi da wani babba da za a dogara da shi, a kuma riƙe sunan jami'in da ya karɓi ƙorafin da ranar da aka kai shi. Ƙofa ta uku ita ce ta jin daɗin jama'a, wato sashen walwala na ƙaramar hukumar Lafia da Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha. Ta hannun irin waɗannan ofisoshi ne ake haɗa mutum da wurin kwana na wucin gadi da masu ba da shawara. Ya kamata a gane cewa gidajen mafaka ba su da yawa a Najeriya. Gidan farko da aka buɗe wa matan da ake duka a ƙasar, wanda ƙungiyar Project Alert ta kafa a Legas, sai a 2001 ya samu, shekara 30 bayan wanda aka buɗe a Landan a 1971. Yawancinsu a manyan birane suke, kuma da gangan ake ɓoye adireshinsu don kada mai cutarwa ya biyo sawu. Shi ya sa ba a samun su da yawon tambaya a tasha, sai ta hanyar jami'in da zai miƙa mutum.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta shari'a. Wanda ba shi da kuɗin lauya na iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa da ke Lafia, wadda ke karɓar ƙorafi kyauta, har da ƙorafi a kan jami'in da ya ƙi yin aikinsa. Idan lamarin ya shafi yarinyar da aka kawo aikatau ake azabtar da ita, hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, na da lambar kira 627. Maganar aure, ciyarwa da riƙon 'ya'ya kuwa, kotu ce ke yanke ta bisa irin auren da aka ɗaura. Daga Kwandere zuwa Lafia tafiya ce 'yar kaɗan a acaba ko Keke Napep, kuma wannan kusanci gata ne da ƙauyuka masu nisa ba su da shi.

Shiri tun kafin ranar

Masu aikin ba da mafaka a ƙasashe daban-daban sun daɗe da lura cewa lokacin da mace ke shirin tafiya, da makonnin farko bayan ta tafi, su ne mafi haɗari, domin a nan ne mai cutarwa ke jin iko na kuɓuce masa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa matar da abokin zamanta ya taɓa shaƙe wa wuya, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka fiye da sau 7. Sauran alamomin da ba a wasa da su sun haɗa da barazana da wuƙa ko adda, furta kalmar kisa, duka a lokacin goyon ciki, da dukan da ke ƙara tsanani da yawa. Wadda ta ga waɗannan kada ta sanar da ranar tafiyarta, kada kuma ta yi barazanar tafiya a tsakiyar faɗa. Ta zaɓi mutum ɗaya amintacce ta gaya masa halin da take ciki, su shirya wata alama, kamar kira sau biyu a katse ko aiken yaro da wata kalma, wadda ke nufin a zo yanzu. Ta ajiye kuɗin mota, katin ɗan ƙasa, katin asibiti, takardun haihuwar yara, magungunan da take sha da 'yan tufafi a gidan wannan amintaccen. Ta haddace lamba ɗaya ko biyu, domin waya ce abin da ake fara ƙwacewa. Idan rikici ya tashi, ta nisanci madafa da duk inda ake ajiye makami, ta kusanci ƙofar fita.

Amsa ga masu ja

Akwai masu cewa wannan koyarwa na zuga mata su kashe aurensu, alhali mahaƙurci mawadaci. Haƙuri halin kirki ne, kuma babu gidan da ke tsayawa ba tare da shi ba. Amma haƙurin da ake yabo shi ne na talauci, na rashin lafiya da na bambancin hali. Wanda ya ce wa mace ta yi haƙuri da karaya da shaƙe wuya, ya ɗora nauyin gyara a kan wadda aka zalunta, ya bar azzalumin yana hutawa. Rasuwar mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu a Abuja a watan Afrilun 2022, wadda babbar kotun Abuja ta samu mijinta da laifi a kanta a 2025, ta nuna inda irin wannan shiru ke kaiwa. Duka ne ke rusa aure, kuma sau da yawa rabuwar ɗan lokaci tare da sa bakin manya ita ce damar ƙarshe ta gyara shi.

Wasu kuma da addini suke kafa hujja, suna ambaton aya ta 34 a Suratun Nisa'i. Malaman da suka yi sharhin ayar sun kewaye ta da sharuɗɗa masu tsauri, sun hana duk abin da zai raunata jiki ko ya taɓa fuska, sun kuma ce barinsa ya fi. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Ayar da ke biye da waccan ta umarci a tayar da mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata idan aka ji tsoron ɓaraka, wanda ke nuna cewa fito da magana daga ɗaki zuwa gaban adalai ba tonon asiri ba ne. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, alƙali na da ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata, ba tare da matar ta mayar da sadaki ba, saɓanin hul'i, kuma idan shaida ta yi wuya yana iya zaunar da ma'auratan cikin mutanen kirki da za su sa ido. A wajen Kirista ma, wasiƙun Bulus sun umarci maza su ƙaunaci matansu kamar jikinsu, kada su yi musu kaushin hali. Masu fakewa da sashe na 55 na tsohuwar dokar Final Kod ta 1960, wanda ya yi maganar miji ya ladabtar da mata, su sani cewa ko shi bai halatta mummunan rauni ba, kuma dokar 2015 ta bayyana cewa ita ke gaba a kan laifukan da ta ambata.

Hujja ta uku ita ce ta 'ya'ya: "don su nake zaune." Wannan magana daga ƙauna take fitowa, kuma ta cancanci a saurare ta da girmamawa. Sai dai yaron da ke kwana yana jin kukan uwarsa yana cutuwa ko da ba a taɓa shi ba: tsoro, fitsarin kwance da koma baya a karatu na daga cikin abin da ake gani, kuma wasu kan girma suna ɗaukar duka a matsayin hanyar zaman aure. A fiƙihun Malikiyya uwa ce ke kan gaba a haƙƙin riƙon yara bayan rabuwa, ciyar da su kuma yana kan uba, don haka barazanar "ki fita ki bar mini 'ya'yana" ba hukunci ba ce sai kotu ta duba. Hujja ta huɗu ita ce ofisoshin ba sa aiki, a kai ƙara a ce maganar cikin gida ce, ku je ku sasanta. Wannan na faruwa, kuma kuɗin mota da jeka-ka-dawo na karya gwiwar talaka. Maganinsa shi ne sanin ƙofa fiye da ɗaya, da tafiya tare da rakiyar mai unguwa, shugabar mata ko lauya, domin ƙorafin da ke da mai bibiya ba ya saurin ɓacewa. Masu tsoron a yi wa maza ƙazafi kuwa, su lura cewa dokar ta kare namiji kamar yadda ta kare mace, kuma ba wa mutum wurin kwana ba yanke wa kowa hukunci ba ne. Hukunci na kotu ne, bayan shaida.

Nauyin maƙwabci da dangi

Tunda gidajen mafaka na hukuma sun yi ƙaranci, mafakar daren farko a gari kamar Kwandere kusan kullum ɗakin wani ne: uwa, yaya, maƙwabciya ko matar liman. Wanda aka zo wa da irin wannan kuka ya fara da buɗe ƙofa da gaskata mai magana, kada ya fara da "me kika yi masa?" Ya duba rauni, ya rufa asiri, kada ya kira mai cutarwar ya gaya masa inda take. Kada ya tilasta mata komawa, kada kuma ya tilasta mata rabuwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan lokacin sulhu ya yi, a yi shi gaban shaidu, da sharaɗi a rubuce, da wanda zai riƙa leƙawa, da kuma matakin da za a ɗauka idan aka sake.

Tambayoyi

1. Bambance tsakanin saɓanin zaman aure da cin zarafi, ka kawo misali 3 na cin zarafi.
2. Mene ne umarnin kariya, kuma su wa ke iya nemansa a madadin wanda aka cutar?
3. Me ya sa ake fara zuwa asibiti, kuma mene ne muhimmancin awa 72?
4. Wace amsa za ka ba wanda ya ce kai ƙara tonon asirin gida ne?

Aikin gida

Kowane ɗalibi, namiji da mace, ya rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da gidansa, ofishin 'yan sandan yankinsa, da gidaje 2 a unguwarsa da za su iya karɓar mai neman mafaka cikin dare. A kawo su aji a haɗa, a miƙa wa mai unguwa da shugabannin mata kwafi. Iyaye kuma, ku gaya wa 'ya'yanku tun ranar kai amarya cewa ƙofarku a buɗe take idan rai ko lafiya na cikin haɗari, kuma ranar da suka zo, ku cika alkawari.